Natsuwar da nake samu a makabartar Dandolo: shin akwai laifi a cikinta?

Ɗan Goron Dutse ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, akwai wani abu da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya, kuma na rasa wanda zan faɗa wa a gida ba tare da an zaci wata damuwa ce ta same ni ba, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Mahaifina ya rasu shekara 11 da suka wuce, aka kai shi makabartar Dandolo da ke Goron Dutse a nan Kano. Tun daga ranar ban sake shiga wurin ba sai idan rakiyar gawa ce ta kai ni, kuma ko a lokacin nakan tsaya ne a bayan jama'a, ina ƙosawa a gama rufewa a shafa fatiha mu fita. Bara, a ƙarshen damina, wata ranar Juma'a bayan an idar da sallar Asuba, zuciyata ta raya mini in je in yi masa addu'a ni kaɗai. Na shiga da niyyar ba zan wuce minti goma ba, amma ban fito ba sai da hantsi ya ɗaga.

Abin da ya riƙe ni ba tsoro ba ne, kuma ba kuka ba ne. Da na ɗan yi nisa da ƙofa sai ƙarar 'yan adaidaita sahu ta yi ƙasa, har ta koma kamar daga wata unguwa take zuwa. Raɓa ba ta bushe a kan ciyawa ba, tafasa ta fitar da furanninta ruwan ɗorawa a tsakanin kaburbura, kurciyoyi suna kuka a cikin dalbejiya, ga kuma tudun ƙasa jere bayan jere, duk sun kwanta ta fuska ɗaya, ba ka iya cewa wannan na attajiri ne wancan na ɗan dako. Na tsaya a inuwa ina kallo, sai abubuwan da na zaci na manta suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: ƙarar keken ɗinkinsa da dare idan Sallah ta matso, yadda yake ɗora tafinsa a bayan wuyana idan za mu tsallaka titi, da surar da ya fi yawan karantawa idan ya ja mu salla a tsakar gida. Shekara goma ina neman muryarsa a kunnena ban same ta ba, sai a wannan safiya. Tun daga nan nake komawa kusan kowane wata, kuma gaskiyar magana ita ce ina ɗokin zuwan.

Tambayata guda biyu ce. Mun taso ana nuna mana makabarta wuri ne na tsoro da wa'azi, inda mutum zai shiga jikinsa a sanyaye ya fito a firgice. To shin ba ƙarancin tsoron Allah ba ne mutum ya ce ya ga kyau a wurin, har ya samu natsuwar da ba ya samu a ɗakinsa? Ta biyu kuma ita ce ta fi ci mini rai: ban ƙara gane kabarin nasa ba. Ɗan allon ƙarfen da muka kafa ya ɓace, ruwan damuna goma ya daidaita ƙasar, an kuma rufe wasu a kewaye. Nakan tsaya ne kusa da wata bishiya da nake kyautata zaton a gabanta muka sa shi. Waɗanda suka shiga irin wannan hali, yaya kuka yi?

Almajirin Zaure ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Ɗan'uwa, ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma zan faɗa maka abin da muka karanta a gaban malamanmu a Zariya, da abin da idona ya gani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara hana ziyarar kaburbura, daga baya ya ce a ziyarce su, kuma dalilin da ya bayar shi ne suna tunatar da lahira. Tunawa aka nema, kuma tunawa ba ta zaunawa a zuciyar da take a firgice, domin wanda ya firgita hanyar fita yake nema. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi yakan fita a ƙarshen dare zuwa Baƙi'a, makabartar Madina, ya yi wa mutanenta sallama, ya nema musu gafara. Wanda ya zaɓi ƙarshen dare domin wannan ziyara ya zaɓi lokacin da gari ya yi tsit ne, kuma ni ban fahimci wannan da komai ba face cewa natsuwa tana cikin abin da ake zuwa nema.

Ma'aunin da zan ba ka shi ne ka duba kanka bayan ka fito. Idan ka ga harshenka ya yi sauƙi ga iyalinka, ka tuna da bashin da ke kanka, ka nemi ƙannen mahaifinka da abokansa ka gaishe su, to wannan natsuwa alheri ce Allah ya ba ka. Idan kuwa wurin ya koma maka kamar lambun shaƙatawa, ka shiga kana amsa waya kana ɗaukar hotuna, ka manta cewa a ƙarƙashin kowane tudu akwai wanda ake yi wa tambaya, to nan ne za ka ja wa kanka linzami. Ka kiyaye ladubban da aka sani: ka yi musu sallama da lafazin da aka koyar, wato “Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin” har zuwa ƙarshensa, kada ka taka kabari, kada ka zauna a kansa, kuma roƙonka ya kasance ga Allah domin su.

Game da alama, sa ta ba laifi ba ne. Lokacin da aka rufe Usmanu ɗan Maz'un, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa domin ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa. Abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce makaruhi ne shi ne gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa makabartunmu suke yadda ka gan su, ƙasa tana komawa ƙasa.

Zan ƙara maka da abin da ya same ni. Shekarar da Allah ya nufe ni da aikin Hajji, na shiga Baƙi'a bayan sallar Asuba da burin in tsaya a kan kabarin Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, kuma wanda muka ƙare ƙuruciyarmu muna jin sunansa a zaure. Abin da na tarar fili ne mai faɗi, da ƙananan duwatsu marasa rubutu, da tattabaru masu yawa suna sauka suna tashi. A wannan fili Sayyadina Usmanu yake kwance, da Ibrahim ɗan Annabi, da mafi yawan matan Annabi, amma babu sunan kowa a rubuce. Da farko raina ya sosu, sai daga baya na ga cewa idan waɗannan sun kwanta haka, to nawa mahaifin da na rasa kabarinsa a ƙauye bai tozarta ba. Addu'ar ɗa tana isa ga uba ko daga wace ƙasa aka yi ta, balle kai da kake tsaye a cikin katanga ɗaya da shi.

Bakatsiniya ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma abin da na ji a raina shi ne kai mai rabo ne, domin abin da ka kwatanta ni ban taɓa ganinsa daga ciki ba.

Mahaifiyata tana makabartar Ɗan Marna a Katsina, wadda ta samo sunanta daga Wali Ɗan Marna, malamin da ya rayu a birnin a ƙarni na 17. Na san malamai sun saɓa a kan ziyarar mata, kuma ban zo domin in tayar da wannan muhawara ba. A gidanmu dai mata ba sa zuwa, haka na taso, haka kuma na zauna. Ranar da aka fita da ita a makara, iyakata ƙofar zaure. Saboda haka ni makabarta a wurina katanga ce da kan bishiyoyin da suka leƙo ta samanta. Idan hanya ta biyo da ni ta wurin nakan roƙi mai abin hawa ya rage gudu, in yi sallama a zuciyata, in dubi ganyayen in ce wataƙila ɗaya daga cikinsu ita take yi wa inuwa.

Ina tuna watan Mayu na 2010, lokacin da aka kawo marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa aka rufe shi a wannan makabarta. Garin ya cika maƙil, motoci da jami'an tsaro ko'ina, ba a iya ratsa wasu hanyoyin. Bayan 'yan kwanaki na bi ta wurin, sai na tarar kamar ba a yi ba, babu kowa sai wani dattijo yana fitowa riƙe da buta. A ranar na ji wani sanyi a raina da ban iya fassara shi ba sai yanzu da na karanta maganarka: shugaban ƙasa da tsohuwar da take sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida sun zama maƙwabta, shiru ɗaya ya rufe su.

Tunda ba ni da kabarin da zan tsaya a kansa, tunawata ta nemi wasu wurare ta zauna. Ina cikin waɗanda suka taimaka wajen yi mata wanka, kuma da ruwan ganyen magarya aka yi, don haka har yau idan na ji ƙanshin ɗanyen ganyen magarya sai in gan ta. Carbinta yana wurina, zaren ya tsinke sau biyu na sake shi. Ina ganin kai ma muryar Baba da ka ji ba daga wani tudu na musamman ta fito ba, shirun wurin ne ya ba ta hanya.

Ina da roƙo guda. Duk ranar da ka shiga, idan ka gama yi wa Baba addu'a, ka sa matan da ke kwance a wurin a cikinta, domin da yawansu 'ya'ya mata kaɗai suka bari, kuma waɗannan 'ya'yan suna wucewa ne ta bayan katanga kamar yadda nake wucewa.

Ɗan Bakin Kwara ya amsa:

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Ni a Lakwaja na yi aikin bautar ƙasa, kuma a can na ga abin da ya shafi tambayarka ta biyu. A garin akwai makabartar Turawa ta zamanin mulkin mallaka, inda sojoji da 'yan mishan suke kwance, kusan kowanne da dutse a kansa, an sassaƙa sunansa da shekarar mutuwarsa. Na bi ina karantawa, na ga da yawansu matasa ne da ba su daɗe da zuwa ba ajali ya riske su. Wurin yana da nasa kwarjini, amma abin da ya tsaya mini shi ne, ga suna a rubuce ɓaro-ɓaro, sai dai ban tarar da kowa a wurin da ya zo domin mai sunan ba.

A cikin garin kuma akwai kaburburan sarakunanmu da Turawa suka tuɓe suka kai can. Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka ci Kano a zamaninsa a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, a can ya cika a 1924, haka ma Sarkin Zazzau Kwasau tun kafin su. Da na tsaya a kan na Alu, ga Dutsen Patti a sama, ga iska mai laima tana tasowa daga inda Kwara da Binuwai suka haɗu, sai na riƙa tunanin mutumin da aka yi wa tambari a Gidan Rumfa, ya shafe shekarun ƙarshen rayuwarsa nesa da Kano, a garin da ko yanayin zafinsa ba irin na gida ba ne. Na yi masa addu'a, kuma ban ji cewa ni baƙo ne a wurin ba, domin tun ina yaro kakata take kiran sunansa idan tana ba mu labarin zuwan Nasara.

Abin da na ɗauko daga wuraren biyu shi ne, mahaifinka yana da wanda yake tashi bayan Asuba ya nufi inda yake, kuma ni da za a ba ni zaɓi tsakanin wannan da dutse mai rubutu, wannan zan ɗauka.

Mai Kwando ya amsa:

Assalamu alaikum. Allah ya rahamshe shi. Ku yi mini afuwa, zan ɗan saɓa wa waɗanda suka riga ni, ba domin sun faɗi kuskure ba, sai domin akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Ina cikin masu kula da makabartar garinmu shekara da shekaru, kuma tafasar nan da ta ba ka sha'awa, mu ita muke sarewa kafin ta bushe, domin a cikinta macizai suke ɓuya, kuma idan rani ya yi ita ce makamashin gobara. Bishiyar da ke ba da inuwa ma, idan an dasa ta dab da kabari, saiwarta takan yi ɓarna a ƙasa.

Kabarinmu rami biyu ne, babba a sama da ƙarami a cikinsa inda ake sa mamaci, sai a jera itace ko tukwane a kan ƙaramin, a toshe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a mayar da sauran. Idan shekaru suka tura, itacen yakan ruɓe, gara ta ci, tukunya ta fashe, ruwan Agusta ya zo ya danna, sai kabarin ya rufta. Wanda ya shiga da sassafe bayan ruwan dare ya ga abin da muke gani, ba zai yi maganar kyau ba a ranar. Dattawan da ke haƙa kuwa, da yawansu ba su da abin dogaro sai ɗan abin da masu gawa suka miƙa musu, kuma su ne ke bi da kwando suna cike ramukan iyayen mutanen da ba su taɓa waiwayowa ba.

Ba ina cewa natsuwarka laifi ce ba, Malam. Ina cewa akwai hannun da ke riƙe da ita, kuma ya kamata naka ya shiga ciki. Sannan ka daina dogara da zatonka game da bishiyar nan. Ka nemi wanda ya fi daɗewa a cikin masu haƙa, ka gaya masa shekarar da lokacin, rani ne ko damina, domin su sun san ɓangaren da ake rufewa a kowane zamani, kuma sau da yawa sukan tuna jana'iza ta dalilin wani abu da ya faru a ranar.

Ɗan Goron Dutse ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan iyayenku. Na jinkirta amsa ne domin ina so in fara aikata abin da aka ba ni shawara.

Ranar Asabar da ta wuce na koma, na nemi dattijon da ya fi daɗewa a cikin masu haƙa, na same shi a inuwa yana gyara ƙotar gatarinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa shekarar, na ce da azumi ne, kuma an yi ruwa da muna tsaka da rufewa har aka yi ta riƙe tabarma a saman ramin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tashi ya ce in biyo shi. Ashe bishiyar da nake tsayawa a gabanta duk watannin nan ba ita ba ce. Ya wuce ta da kusan taku arba'in, ya nuna mini wani ɗan tsiri, ya ce a wannan azumin nan suke sa mutane, amma ba zai ɗauki alhakin nuna mini guda ɗaya ya ce shi ne ba. Na ji daɗin da bai ƙirƙira mini abin da bai tabbatar ba domin ya faranta mini.

A cikin tsirin akwai kaburbura uku da suka ɗan lotsa. Na karɓi kwando da shebur, ni da wani matashi daga cikinsu muka yi ta ɗebo ƙasa har muka tayar da su duka ukun, ban san ko na mahaifina yana cikinsu ba. Da na gama na yi sallama kamar yadda Malam Almajirin Zaure ya tunatar da ni, na yi wa Baba addu'a, kuma Hajiya Bakatsiniya, na cika miki alkawari, na sa matan wurin da mahaifiyarki a ciki. Kurciyoyin suna nan, ko da yake wannan karon na fi jin numfashina fiye da kukansu.

Dattijon ya ce abin da suka fi buƙata kafin ruwa ya sauka shi ne ƙasa da tukwane. Na yi magana da ƙannena biyu, mun amince za mu haɗa kuɗin tifa ɗaya ta ƙasa. Malam Mai Kwando, don Allah ka sanar da ni, jar ƙasa ce ta fi riƙe kabari ko wadda aka gauraya da yashi, kuma a wane wata ya fi dacewa a kai ta?